Hashimu Mai Keke da Wilin Tangaran

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Yuni na shekarar 2004, kwana tara bayan ruwan shuka, Madu mai ƙwan zabi ya fara turo kekensa rumfar Malam Hashimu. Kafin ranar sanin shanu suka yi wa juna. Hashimu yakan ga wucewar wani dogon mutum da kwanduna biyu a bayan tsohon baƙin keke, shi kuma Madu ya san akwai mai gyara a gindin ɗorawar da ke mararrabar shiga kasuwar Zakirai. Iyakacinta ke nan.

"Salamu alaikum," in ji Madu. "An ce nan ne wurin Bafillatanin da shanu suka kora ya kama sifana?"

Hashimu ya ɗaga kai, ya ga zanen Barebari a kumatun baƙon, ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Wa alaikumus salamu. Nan ne. Ƙaraso, bawana. Wa ya ba ka izinin hawa keke ubangidanka yana zaune a ƙasa?"

Suka tuntsire da dariya, suka gaisa kamar waɗanda suka shekara goma tare. Kakan Madu ne ya zo daga Borno da fataucin kanwa, ya zauna a wani ƙauye gabas da Zakirai. Madu ko Barbarcin kirki ba ya ji, zane da suna kawai ya gada. Hashimu ma kusan haka ne, rabon gidansu da saniya tun zamanin kakansa, Fillancinsa bai wuce gaisuwa ba. Amma wasan Fulani da Barebari gado ne, ba a yar da shi.

Keken da Madu ya turo ba baƙin nan ba ne. Wani kore ne ɗan gwanjo, mai kaurin taya, mai giya, birkinsa na waya. Ƙanin matarsa, Sama'ilu, mai sayar da kekunan gwanjo a Ungogo, shi ya zaɓa masa. Madu yana so a ɗaura masa kariya, wato maɗaurin kaya na baya, mai ƙarfi wadda za ta ɗauki kwanduna biyu, a kuma yi wa keken sabis. Da ya miƙa hannu zai nuna inda yake so, Hashimu ya lura cewa a hannunsa na hagu babban yatsa da ƙarami ne kaɗai suka rage. Bel ɗin injin niƙa ne ya cinye sauran tun yana saurayi. Wato duk hawan da yake yi, da hannun dama kaɗai yake jan birki.

An haifi Hashimu a 1956, gidan manoman gero da gyaɗa. Ya yi shekara shida a Fagge wurin wani gwanin gyaran keke, Malam Abdulmumini, ya dawo gida a 1978, ya auri Safiyatu, ya kafa rumfa a gindin ɗorawar nan. A lokacin keke shi ne abin hawa. Malamin makaranta da keke, malamin gona da keke, mai tallan atamfa da keke. Ango ba ya cika ango sai ya naɗe kekensa da roba mai launi, ya ɗaura madubi biyu da furen roba a kai, ya riƙa kaɗa ƙararrawa ko da babu kowa a hanya. Ranar kasuwa sai ka ƙirga keke talatin jingine da ɗorawar, masu su suna zaune a tabarma suna jiran layi, ana hirar damina da farashin taki. Hashimu yana jin ciwon keke tun daga nesa. Kafin mai shi ya sauka zai ce masa, "Ƙwallayen fedarka ta hagu sun fashe," a buɗe a tarar haka ne.

Akwai doka ɗaya da ya taho da ita daga Fagge, ita ce ado da alfaharin aikinsa. Malam Abdulmumini yakan ce keken da wilinsa ba ya ƙyalli ba a yi masa sabis ba. Don haka kowane keke ya shigo hannun Hashimu, sai ya dirje wilinsa da jiƙaƙƙen yashi da toka har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Ba wanda yake roƙonsa, shi yake sa kansa. A kasuwa in an ga keke yana walƙiya, an san daga ina ya fito.

Da Madu ya tafi cikin gari, Hashimu ya kifa koren keken, ya duba. Gefen wilin, daidai inda robar birki take kamawa, wani toka-toka ne mai duhu, ga kaushi kamar harshen saniya. Gaba da baya duk haka. Ya ce a ransa, tsatsar jirgin ruwa ce, kayan gwanjo sun saba zuwa da ita. Ya ɗebo yashi da toka ya dirza, ko gezau. Ya ɗauko samfefa, samfefar ce ta cinye, wilin yana nan. Abin ya zama kamar an tsokane shi. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, yau tsatsa za ta gagare shi? Ya lalubo wani ɗan wuri da abin ya ɓantare, ya kafa bakin sukuddireba, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma, yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Inda ya ƙi, ya bi shi da dutsen wasa wuƙa. Daga hantsi har aka kira azahar yana kan wilin baya kaɗai, gumi ya jiƙa masa riga. Amma ya fito da shi fari tas.

"Kai, Fillo, ashe kana da amfani!" in ji Madu da ya dawo. "Na gaban fa?"

"Mako mai zuwa. Dattin Barebari ba a rana ɗaya ake wanke shi ba."

Sana'ar Madu ta damina ce. Da zarar ruwa ya zauna zabi suka fara zuba ƙwai, sai ya riƙa bin ƙauyuka gida-gida. Mata su fito masa da ƙwai a ƙwarya, ya gwada a ruwa ya ware baragurbi, ya jera masu kyau a kwando, kowane layi da ƙaiƙayin gero a tsakani. Daga nan ya kawo Zakirai wurin masu kaiwa birni. Hanyarsa kuwa dole ta bi ta Kwarin Giginya, wani gangare mai tsawo da ya sauka rafi, a ƙarshensa ga kwana mai kaifi a bakin kwalbati.

Ranar Laraba, kwana biyu bayan sabis, ruwa ya kama shi a hanya. Ya zo gangaren da kwanduna cike, ya ja birki da hannun dama. A wannan keke birkin dama na wilin baya ne, wanda Hashimu ya kankare. Robar ta kama farin ƙarfe jiƙaƙƙe da taɓo, ta yi ta sulɓi. Keke ya wuce kwanar, ya tsunduma cikin ramin gefen kwalbati. Madu ya fashe a gwiwa, ƙwai kuwa ko na soyawa ba a tsinta ba.

Washegari ya turo keken yana ɗingishi, babu wasa a bakinsa.

"Malam Hashimu, ranar da na taho da keken nan daga Ungogo cikin ruwa na taho. Da yatsa biyu nake tsayar da shi. Me ka yi masa?"

Hashimu ya miƙe. Ya kifa keken, ya ɗauko buta ya kwarara wa wilin baya ruwa, ya juya shi da ƙarfi, ya matsa birki. Wilin ya zagaya sau biyu da rabi kafin ya tsaya. Ya kwarara wa na gaba, ya juya, ya ɗan taɓa birkin. Cak. Ya sake, ya kuma sakewa. Gani ya kori ji. Ya zauna a kan kututture yana kallon hannuwansa.

"Garin gyaran gira na tsone maka ido, Madu. Abin da na kankare ba datti ba ne."

Ranar Juma'a bayan masallaci Hashimu ya je dubiya, don gwiwar ta kumbura ta kwantar da Madu. Suna zaure sai matar gidan, Amsa, ta yi sallama daga bayan asabari. Mace ce mai magana a hankali, amma ba ta maimaitawa.

"Malam Hashimu, mun gode da zuwa. Na ce da shi ya bar hawan keken nan da kaya, hannu ɗaya ba ya tare gangare. Ya ce in ya bar hanya ya zama gawa mai numfashi. To, ni ba ya jin tawa. Ya ce kai ka gano inda matsalar take."

"Na gano, Ya Amsa. Ni na jawo ta."

"Tsautsayi ne. Amma ga amana zan ba ka a gabansa. Muddin ka ce birkin nan zai riƙe shi, ba zan ƙara magana ba. Ranar da ka ga ba zai riƙe shi ba, kai za ka faɗa masa, shi kuma ya sauka. Madu, ka yarda?"

Madu ya ce, "Na yarda. Allah ya kawo mu zamanin da Bafillatani zai yi wa Babarbare hukunci."

Tun daga ranar zaman Madu a kan hanya ya rataya a kan wilin gaba guda ɗaya, da kuma kalmar Hashimu.

Asabar da sassafe Hashimu ya rufe rumfa, abin da bai saba ba, ya shiga mota zuwa Ungogo da wilin gaban a kafaɗa. Sama'ilu ya saurari labarin ya riƙe baki. Ya ce wannan abu shafen tangaran ne, dangin abin da ake yin faranti da shi, a can ƙasar da aka ƙera keken ake narka shi a jikin ƙarfen don birki ya kama ko cikin ruwa, kuma don kada roba ta cinye wilin. Ya ce a cikin kekuna ɗari da ƙyar ka ga ɗaya mai irinsa, kuma in ya ɓare ba mai mayar da shi a ƙasar nan. Hashimu ya tambaye shi abin da yake so da abin da ba ya so, kamar mai tambayar abincin jinjiri. Abin da Sama'ilu ya sani kaɗan ne. Sauran Hashimu da kansa ya gano su a hankali.

Da ya dawo, sai ya sauya wayoyin birkin, ya mai da na gaba hannun dama. Ya gargaɗi Madu kada ya finciki birkin gaba in ba kaya a baya, don keken zai iya tuntsurar da shi. Daga nan ya kafa wa wilin dokoki. Ba yashi, ba toka, ba samfefa, sai ruwa da sabulu da tsumma. Ba mai cire wannan taya sai shi, kuma da hannu yake cire ta, ba ya sa ƙarfe a leɓen wilin. Kada a hau da sassauƙar iska, domin in dutse ya daki ƙarfen ya lotsa, tangaran ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Kowane mako Madu zai biyo, Hashimu ya ciro robar birki ya tsince tsakuwar da ta maƙale a ciki da bakin allura, sannan ya zagaya gefen wilin da babban yatsa, ido a rufe, yana neman sabon tabo.

Robar birki ita ta fi ba shi wahala. Wadda ta zo da keken ta ƙare a damina ta biyu, ba a kuma sami irinta ba. Ta kasuwa kuwa wilin yana lashe ta cikin mako biyu kamar akuya da gishiri. Ya yanko tayar mota, ta narke ta shafe kaushin da baƙi, sai da ya kwana biyu yana wankewa. Ya gwada dunduniyar takalmi. Ya gwada ƙirgin sa, ya yi kyau a rani, ruwa na taɓa shi ya saki. A ƙarshe abin da ya karɓa shi ne tsohon bel ɗin injin niƙa, mai zare a ciki, in an yanka shi a gicciye.

Madu ya ɗauki guntun ya jujjuya. "Wannan ɗan banzan? Shi ya cinye mini yatsu, yanzu kuma shi zai yi gadina?"

"Ya tuba ne. Kai ma ka yi koyi da shi."

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. In Madu ya sauke kaya, sai ya dawo gindin ɗorawa, Safiyatu ta aiko da fura, su sha suna cacar baki. Madu ya ce Fulani ba don nono ba da iska ta kwashe su. Hashimu ya ce shi bai taɓa ganin mutanen da ake rubuta musu adireshi a fuska don kada su ɓata ba sai Barebari. Wani lokaci Madu yakan ajiye masa ƙwai biyar a cikin hula, ya ce sadaka ce ga marasa shanu. Masu wucewa sukan tsaya don su ji, su tafi suna dariya.

Ana cikin haka duniyar keke ta fara janyewa. Babura suka cika hanya, ƙanana da manya. Angwaye suka daina naɗe keke da roba. Masu gyara biyu da ke kusa da Hashimu suka koma facin tayar babur, suka sayi injin iska mai ƙara. An ba shi shawara ya bi su, ya ce shi kunnensa na keke ne, ƙarar inji tana toshe masa shi. Keke talatin na ranar kasuwa suka koma goma, suka koma huɗu. Ya ci gaba da dirje wilin duk wanda ya zo da yashi da toka, har ya yi ƙyalli. Koren keken Madu ne kaɗai yake fita daga rumfar da wilin gaba mai duhu, kuma a kansa ya fi ɓata lokaci.

Duk tabon da ya samu, sai ya ja layi da ƙusa a jikin katakon rumfa. A ƙarshen daminar 2010 layi huɗu ne. A 2015 sun kai tara. Babu wanda ya fi ƙwayar dawa girma, robar tana wuce su ba ta ko ji. Kowace shekara, in ruwan farko ya sauka, Amsa takan aiko da tambaya ɗaya ta bakin mijinta, shi kuma ya isar da ita yana harara.

"Uwargida ta ce in tambayi alƙali."

"Ka ce mata bana ma zai riƙe."

Abin da Hashimu bai faɗa wa kowa ba shi ne, tun wajen 2016 ya fara matso da robar kusa da wilin fiye da da, yana sassauta marikin birkin, domin ya lura in Madu ya ɗaga kwanon fura hannun daman yana ɗan rawa. Wilin yana rufa wa hannun asiri, shi kuma yana taya wilin.

A daminar 2019 aka zuba sabuwar tsakuwa a wani yanki na hanyar da ruwa ya cinye. Ranar Talata, shida ga Agusta, saura kwana biyar Babbar Sallah, tayar gaba ta yi sanyi Madu yana tsakiyar hanya da kaya. Bai tsaya ba, don hadari ya haɗo. Wani dutse ya daki leɓen wilin. Da ya iso rumfa, Hashimu bai buƙaci rufe ido ba. Ƙarfen ya lotsa, tangaran ya tashi tsawon ɗan yatsa, gefensa kuma ya tsattsage. In an ja birki, robar ta zo wurin sai ta zame, ta wuce ta cafke, keken ya riƙa zabura kamar jaki ya ga maciji.

"Yaya?" in ji Madu.

"Bar mini shi sai bayan Sallah."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, Fillo."

"Na ji abin da ka tambaya. Na ce bayan Sallah."

Ranar Laraba bayan Sallah Hashimu ya tafi Ungogo da wilin. Gonakin da ya sani a hanya duk sun zama gidaje, sai da ya tambaya kafin ya gane shagon. Sama'ilu ya rasu shekara uku da suka wuce, babban ɗansa Najib ne a wurin. Najib ya duba wilin, ya ce rabon da ya ga irinsa tun yana makarantar sakandare. Ya kira abokan sana'a biyu a waya, ya aika musu hoto, duk suka ce babu. Hashimu ya bi rumfunan gwanjo har la'asar yana shafa wili ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Duk santsi.

Da ya dawo gida ya roƙi Safiyatu wani farantin tangaran da ya daɗe da tsagewa a cikin kayan jerenta. Ta ba shi ba ta tambaya ba. Ya daka shi a turmin ƙarfe, ya tankaɗe da rariyar laushi, ya kwaɓa garin da gam mai haɗi biyu. Ya buga lotsawar a hankali ta miƙe, ya cike gurbin, ya daidaita da bakin wuƙa, ya bar shi kwana uku ya bushe. Da ya gwada a rumfa, birki ya kama lafiya lau. Ya zuba ruwan buta, ya kama. Zuciyarsa ta ce masa shi ke nan, ka kira Madu. Ya san in ya ce zai riƙe, ba mai musa masa, Amsa ma ba za ta yi magana ba. Wannan ne ya hana shi kiran.

Ranar Litinin, sha tara ga wata, aka yi ruwa da safe. Yana ɗaukewa Hashimu ya cika buhu biyu da jiƙaƙƙen yashi daidai nauyin kwandunan ƙwai, ya ɗaura a kariya, ya hau zuwa Kwarin Giginya. Yana da shekara sittin da uku a lokacin. A saman gangaren ya sa hannun hagu ya riƙe kan keken da yatsa biyu kawai, kamar yadda Madu yake yi. Na dama kuma ya ƙudurta ba zai matsa fiye da ƙarfin da ya san ya rage wa abokinsa ba. Ya saki keken.

Rabin farko birkin ya riƙe. Daga nan ya ji ƙas, wani abu ya buga masa a ƙafa. Cikon ya fita. Keken ya fara zabura yana ƙara gudu, kwalbatin yana matsowa. Sai da ya damƙe birki biyun da duk yatsunsa goma, ya sa ƙafa a taɓo yana ja, sannan ya tsaya, taku uku tsakaninsa da ramin. Ya sauka ya zauna a bakin kwalbatin har numfashinsa ya dawo. Da ya duba, cikon ya tafi da wani ɓangaren tangaran ɗin da ke kusa da shi.

Daga can bai koma rumfa ba. Ya kwance buhunan ya zubar da yashin, ya tura keken har ƙofar gidan Madu. Ya same shi a zaure yana gyaran bakin kwando. Madu ya dubi taɓon da ke wandonsa har gwiwa, ya dubi keken.

"Ina ka kai mini dokina?"

"Kwarin Giginya. Kira mini Ya Amsa."

"Ba sai an kira ta ba. Faɗa mini ni kaɗai."

"A gabanta aka ba ni, a gabanta zan sauke."

Amsa ta zo bayan asabari. Aka gaisa. Hashimu ya ce, "Ya Amsa, ba zai ƙara riƙe shi ba. Na nemi wani ban samu ba, na yi ciko bai zauna ba. Ko da an sa sabon wili irin na kasuwa, yana son hannu biyu masu ƙarfi. Na gwada da kaina yau."

"Allah ya saka da alheri, Malam Hashimu," in ji ta. Suka ji takunta ta koma ciki.

Madu ya ci gaba da saƙa bakin kwandon har ya kai ƙarshe, ya datse zaren da haƙori.

"Da ka ce zai riƙe, da na hau."

"Na sani."

"Saura mako shida zabi su ɗauke. Mako shida kawai, Hashimu."

"Na ƙirga su tun kafin ka ƙirga."

Madu ya ajiye kwandon. Can ya ce, "To, tunda ka zo har gida ka kashe ni, sai ka tsaya ka ci tuwo. Ba a korar bawa da yunwa."

Madu bai ƙara hawa keke ba. Ƙarshen daminar nan da biyun da suka biyo baya, matan ƙauyukan da suka saba da shi suka riƙa aiko da ƙwai zaurensa, yana gwadawa yana jerawa, wani mai babur yana kaiwa Zakirai. Ba su kai rabin na da ba, don na nesa sun koma ga wasu masu saye. Duk Juma'a bayan masallaci Hashimu yakan je su yi hira. Madu ya rasu a gidansa ranar sha biyu ga watan azumin 2022, bayan jinyar kwana takwas. Amsa ta koma wurin 'yarta a Ungogo. Keken ya tafi ga wani ɗan ƙanin Madu, aka sa masa wili na kasuwa, yana zuwa gona da shi.

Hashimu ya ci gaba da buɗe rumfa har ƙarshen 2023, lokacin da yanar ido ta hana shi ganin ƙananan ƙwallaye. An yi masa aiki a ido ɗaya a birni, ya samu sauƙi, amma bai koma sana'ar ba. Kayan aikinsa suna cikin akwati a ɗakinsa. Wurin rumfar yanzu mai cajin waya ne a ciki. Yana zaune a gidansa a Zakirai tare da Safiyatu, yana noman gero da wake a gonar gado, kuma maƙwabta sukan kawo masa keke ƙofar gida in ya yi wani ƙara da ba su gane ba, ya saurara ya faɗa musu abin da za a canja.